Baba Kabo, Wanda Ya Koya wa Tiyo Ladabin Maƙabarta

Kafin masu kabu-kabu su fito bakin hanya, Baba Kabo ya riga ya yi nisa da aiki. In an sallame sallar asuba ba ya komawa gida. Yakan ɗauki tsintsiyarsa a bayan ƙofar masallaci, ya ratsa ta gefen burtsatsen unguwa, ya nufi maƙabartarmu da ke bakin hanyar Kankiya zuwa Kusada. A ƙofa yakan tsaya ya yi sallama a hankali, irin sallamar wanda ya shiga gida ya tarar ana barci. Sannan ya shiga.

Aikinsa ruwa ne. Akwai randuna a gindin tsamiyar da ke tsakiyar maƙabartar, an binne su har wuya. Shi ke cika su tun kafin a haife ni. Garwa biyu, sanda a kafaɗa, daga rijiya a da, daga burtsatse bayan an haƙa. Ba wanda ya naɗa shi. Manomi ne kamar kowa, da gonar gero da 'yan awakinsa. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kabarin wani nasa, an jera itace, ana jiran kwaɓaɓɓiyar ƙasa a toshe kafofi, ya san darajar ruwa a wannan wuri. Ranar da muka kai mahaifinmu, ruwa na nan. Ban tambayi wanda ya kawo ba. Ba mai tambaya.

Na ɗauki alƙalami ne saboda abin da ya yi a raninsa na ƙarshe a bakin aiki, da gadon bayan da ya riga ya gaza, da wani tiyo da ake ɗauka cikin bokiti.

Arewa da maƙabartar ƙorama ce. Da rani yashi ne kawai da sawun shanu. In damina ta kankama sai ta taso da jan ruwa, ta riƙa cin gaɓa. Ta daɗe tana gutsura, har a daminar bara ta yi babban yanka. Da ruwa ya janye, aka ga bakin itacen wani kabari ya leƙo daga jikin gaɓa, da gefen farin ƙyalle. Aka taru aka rufe, aka yi salati, aka ce lalle a yi wani abu. Aka watse.

Layin da ke bakin gaɓar ba na 'yan gari ba ne. Nan ake sa baƙi: matafiyan da hatsarin mota ya rutsa da su ba a gano danginsu ba, da wata baiwar Allah da ta yi shekaru tana kwana a rumfar kasuwa ba wanda ya san garinsu. Ba mai kai musu ziyara ranar Juma'a. Da kabarin uban wani ne a wurin, da tuni an zuba dutse da siminti. Kowa ya san haka, ba mai faɗa.

Baba Kabo bai jira wani taro ba. Fadamar Rimaye ya tafi, ya tono ciyawar jema da saiwarta buhu-buhu, ya dasa ta layi-layi a bakin gaɓa, ya sa dashen bedi, wato darbejiya, a bayanta. Ya ce saiwar jema nutsewa take ta ɗinke ƙasa, amma sai ta sha ruwa har ta kama. In ta ƙetare bazara da rai, za ta riƙe gaɓar. In ta bushe, ƙorama za ta kwashe layin baƙi gaba ɗaya a damina mai zuwa.

Duk lokacin sanyi a kafaɗarsa jemar ta sha. Zafi na shigowa bayansa ya ƙi. Wata safiya aka tarar da shi durƙushe tsakanin kaburbura, garwa ɗaya ta kife, ya kasa miƙewa. A asibiti aka ce shi da ɗaukar nauyi sun rabu. Ɗiyarsa Zuhura, wadda ke aure a Kusada, ta zo ta ɗauke sandar garwar, ta rantse ba zai sake ganinta ba. Ya ce mata ta tafi da ita lafiya, sai dai jema ba ta san an yi rantsuwa ba. Samarin unguwa suka ce sun ɗauke masa. Aka yi 'yan kwanaki ana zuwa, sai wannan ya tafi ci-rani, wancan ya makara, wancan kuma ya ce ai jiya shi ya yi. Bakin ganyen jema ya fara ja.

Harisu mai faci ne ya fara kawo maganar tiyo. Taubashin Baba Kabo ne, ba ya kiransa da komai sai Hakimin masu barci. Ya aro wani ƙaton tiyo wurin masu buga bulo, mai kauri kamar damtse, aka ɗaura a famfo, majiya ƙarfi suka fara ja. Daga ƙofa zuwa gaɓar arewa sai an ratsa maƙabartar gaba ɗaya, hanyoyin da ke tsakanin kaburbura kuwa sirara ne, karkatattu. Tiyon bai san kwana ba. Ya hau bisa tudun wani kabari yana gurza, ya ture kaskon da aka kafa alama.

Baba Kabo ya ɗaga hannu ya ce a naɗe shi a mayar wa masu shi.

Harisu ya ce, "Yo Hakimi, talakawan naka ji suke?"

"Su ban sani ba. Ni ina ji."

Aka naɗe. Harisu ya tafi yana mita, yana cewa tsoho ya fi son ciyawar ta mutu da ladabi. Amma shi ɗin ne ya dawo bayan kwana kaɗan da labarin wani tiyo da ya gani wurin masu wankin mota, wai in ba ruwa a cikinsa ƙudundune yake kamar hanjin akuya, in ruwa ya shiga sai ya miƙe ya ninka kansa. Ya goya taubashin nasa a babur ranar kasuwa suka nufi Kankiya.

Waɗanda ke shagon sun ce ba su taɓa ganin zaɓe irin wannan ba. Mai shago ya zazzage masa iri-iri a kan benci: roba mai laushi a ciki, rigar zare a waje, duk a tattare. Baba Kabo ya fara ɗaga ɗaya da hannu guda, ya ji ko nauyin buta bai kai ba. Ya daɗe yana murza rigar kowanne tsakanin yatsu kamar mai duba buhu, don ya san ƙayar da ke jiransa, ya ware mai matsattsiyar saƙa. Harisu ya duba bakin da ake ɗaurawa a famfo, ya ce na roba rana ɗaya ta bazara za ta fasa shi, a ɗauki na tagulla. Aka miƙo wa Baba Kabo wani kore shar mai ƙyalli, ya ce ba gidan biki za shi ba, a ba shi mai duhu. Mai shago ya ja kunne: ba a yanka shi kamar tiyon da aka saba, ba a barinsa cikin rana, a tsiyaye shi in an gama, kuma ruwa mai ƙarfi yake so. Baba Kabo ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko abin yana da hankali. Shago ya ɗauki dariya. Harisu ya ce ai ba aure suka zo nema ba.

Ashe tambayar ce kan gaba.

Washegari da hantsi aka ɗaura. Baba Kabo ya ajiye tiyon a tare a cikin ƙofar maƙabarta, bakin fesawa a rufe. Harisu ya murɗe famfo har ƙarshe lokaci guda. Abin ya kumbura, ya murɗa, ya yi tsalle. Kafin a ce me, ya baje bisa kaburburan da ke kusa yana bulala, ya share kasake da duwatsun alama na wani sashe guda. Masu ɗibar ruwa suka watse da ihu da dariya, wata tsohuwa na neman tsari da maciji. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Ya ce a rufe. Ya wuni a kan gwiwoyinsa yana mayar da kowane kasko mazauninsa, yana kiran mai kabarin da sunansa yana neman gafara. Harisu, da kunya ta kama shi, ya ce gobe a mayar da tsiyar inda aka sayo. Baba Kabo ya ce tiyon bai yi laifi ba, shigo da shi aka yi ba a nuna masa hanya ba.

Sai ya nuna masa. Ya saro 'yan gwafanni na sabara, ya kafa ɗaya a kowace kwana ta siririyar hanyar da ke bi tsakanin kaburbura. Kullum bayan asuba ya share hanyar, ya tsince ƙaya da hannu. In hantsi ya yi, sai ya riƙe bakin tiyon a ƙirjinsa, a buɗe famfo kaɗan-kaɗan. Tiyon na girma yana tafiya da shi, yana ɗora shi a kan kowace gwafa. Ba ya ja, ba ya bari a ja shi. In tiyon ya dakata shi ma ya dakata. Wanda ya hango daga nesa zai ɗauka makaho yake yi wa jagora. In an gama a rufe famfo, ya buɗe baki, ya juyo yana biye da shi yana tsukewa, ragowar ruwan ya tsiyaye a randuna. Ya naɗe shi cikin bokiti, ya rufa jiƙaƙƙen buhu, ya kai inuwa. Ko sau ɗaya bai sake taɓa tudun kowa ba.

Amma bai kai gaɓa ba.

Tankin burtsatsenmu ya daɗe da tsagewa, don haka daga injin sola ruwa ke zuwa famfo kai tsaye. Sai rana ta yi ƙarfi yake yin ƙarfi, a lokacin ne kuma layi ya fi tsawo. In duk kawunan famfo na buɗe, ƙarfin ya rarrabu, tiyon ya yi laƙwas, ya tsaya ana hangen jema ba a kai gare ta ba. Ba zai miƙe iyakarsa ba sai an rufe kowane famfo, har da na komin shanu. Bazara ce. Rijiyoyin ƙauyuka sun ƙafe, jarkoki sun yi jere har bakin titi. Wa zai dubi masu ƙishirwa ya ce su rufe ruwa saboda ciyawa?

Baba Kabo bai roƙi kowa ba. Inda tiyon ya tsaya nan yake tsayawa, ya cika buta, ya taka a sunkuye zuwa gaɓa, ya zuba a gindin jema ɗaya, ya dawo. Buta-buta, ga layin da a da garwa ke sha. Rana ta take, shi yana kai da kawowa, hannu ɗaya dafe da ƙugu.

Inna Hawwa mai ƙosai ce ke tsare layin famfo da bakinta, ba mai tsallake wani tana wurin. Ta kwana biyu tana hangensa. Rannan ta bar bokitinta a bakin famfo, ta zaga ta bayan shinge, tunda mace ba ta shiga, ta tsaya daidai inda yake. Ta san matarsa Rabi a gindin tsamiya take kwance, nesa da gaɓa.

Ta ce, "Malam Kabo, wai wa ke gare ka a layin can?"

"Ba ni da kowa."

"To mi ya kai ka kashe kanka?"

"Su ma ba su da kowa."

Ta dubi butar da ke hannunsa. Sannan ta juya, ta dawo, ta rufe famfon da bokitinta ke ƙarƙashi, ko rabi bai yi ba. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya tana rufewa. Wani mai kurar ruwa ya taso da faɗa, wai mutane na jiransa. Ta ce masa shi da ke yawon ci-rani har kudu, ya yi addu'a kada ajali ya same shi inda ba a san sunan uwarsa ba. Ya koma ya zauna a kan kurarsa.

Saura famfon komi. Bube ne a wurin da garkensa, Bafulatanin da ke zama a rugar da ke bayan ƙorama, shanunsa rabonsu da ruwa tun jiya. Ba wanda ya iya yi masa magana. Shi ya tambayi abin da ke faruwa, aka faɗa masa. Ya dubi shanun, ya dubi tsohon da ke can riƙe da buta. Ya ce su makiyaya su ne mutanen da ke mutuwa a hanya. Ya ce nasa uban yana kwance a wani gari da shi kansa ba zai iya komawa ya nuna wurin ba. Ya sa hannu ya rufe. Shanu suka yunƙuro, ya shiga gabansu ya gitta sanda yana yi musu magana ƙasa-ƙasa, suka tsaya suna huci.

Ina wurin. Ban taɓa jin burtsatsen nan ya yi shiru da rana ba sai ranar. Ba ƙarar bokiti, ba gardama. Sai wani ɗan sauti da tiyon ke yi yana cika. Muka ga ya ɗago daga laƙwas ɗinsa, ya yi tauri, ya fara tafiya. Baba Kabo ya ajiye butar, ya rungumi bakin, ya bi shi. Gwafa ɗaya. Wata gwafar. Suka wuce inda suka saba tsayawa. Suka kai gaɓa, har da saura. Ya buɗe, ruwa ya tashi fari cikin rana ya sauka a kan jema. Wani dattijo a bayana ya yi kabbara a hankali, kamar mai tsoron ya tashi wani.

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida ba tare da an yi shela ba. In hantsi ya yi aka ga Baba Kabo ya fito da bokiti, kowa ya rufe famfonsa. Inna Hawwa ce mai buɗe masa, don ta ce hannun maza gaggawa gare shi. In ya gama ya ɗaga hularsa daga can, a buɗe. Lokacin Kabo ake ce masa. Baƙon da ya zo ya tarar da mutane tsaye da jarkoki ga ruwa ba a ɗiba, sai a ce masa ya yi haƙuri, ana shayar da na ciki. Ba kullum ake yi da daɗin rai ba. An yi gunaguni, an yi tsaki, ranar da zafi ya kai maƙura har kuka wata ta yi. Amma ba a taɓa buɗewa kafin hula ta tashi ba.

Damina ta makara, sannan ta zo da fushi. Wata la'asar cikin Agusta hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwan da ya rushe katangu. Ana cikin yayyafin ƙarshe muka ji rurin ƙorama. Mutane suka fito suka jeru a bakin shinge. Jan ruwa ya cika ta baki da baki, yana tafe da karan gona da kututture, yana dukan gaɓar arewa. Jema ta kwanta, ruwa ya haye kanta, ta ɓace. Harisu ya dafa kai ya ce shi ke nan. Baba Kabo na zaune a kan kifaffen bokiti, buhu a kansa.

Kafin magariba ruwa ya fara ja. Kawunan jema suka ɓullo, duk laka, a kwance gefe ɗaya kamar an taje su. Ƙarƙashinsu gaɓa na nan. A kusurwar gabas, inda dashen jema bai kai ba, ƙasa ta zaftare ta tafi da bedi guda. Ba kabarin da ya buɗe. Ko ɗaya. Aka juya ana neman fuskar tsohon, shi kuwa kusurwar yake kallo. Abin da ya ce kawai, a nan ma sai an sa jema.

Baba Kabo, kai ne ka tsaya dangin marasa dangi. Kai ne ka ƙi a ja ko igiya a kan wanda ba zai iya cewa a daina ba. Kai ne ka sa unguwa guda ta riƙe ƙishirwarta ba tare da ka buɗe baki ka roƙa ba. Mun ga masu wa'azi da lasifika, mun ji su, mun koma gida yadda muka fito. Kai buta muka gani a hannunka, kuma har yau ba mu warke ba. Waɗanda ka tsare wa makwanci ba za su taɓa ce maka sannu ba. Ka san haka tun ranar da ka tafi Rimaye.

Ya dasa kusurwar kafin ruwa ya ɗauke, a zaune, yana jan jiki. Bayan an kai gero rumbu Zuhura ta zo da mota ta tafi da shi Kusada. Yanzu ko masallacin ƙofar gida sai da sanda. Wanda ya je gaishe shi ya ce abin da yake fara tambaya, an tsince ƙaya?

Hantsin farko bayan tafiyarsa, Inna Hawwa ta rufe famfonta kamar kullum. Sauran suka rufe. Bube ya gitta sanda. Aka tsaya. Sai a lokacin kowa ya tuna ba mai fitowa. Ba wanda ya buɗe, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa. Can sai ga Harisu ya jefar da tayar da yake faci, yana goge hannu a riga, yana cewa Hakimi ya gudu ya bar mutane da wahala. Ya ɗauko bokitin. A ƙofar maƙabarta ya tsaya, muka ji ya yi sallama a hankali. Ya yi sauri ya tsallake gwafa ɗaya, ya dawo da baya ya ɗora.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiyar bayanka, ya sa ruwan da ka zuba ya tarbe ka ranar da kowa ke neman inuwa.

Ku kuma da ke karanta wannan, Harisu na da rumfar da zai tsare, ba kullum zai iya ba. Sabuwar jemar kusurwa ba ta kama ba tukuna, bazara kuma na tafe. Gwafanni na nan a kafe, masu famfo za su jira ku. Bokitin yana bayan ƙofar masallaci, ƙarƙashin buhu. Ba shi da nauyi.